Wa ke ganin abin da nake dubawa a kwamfuta? Tambayoyin da ake yawan yi mini a shago

Shagona ƙarami ne, a unguwar Yelwa cikin Garwa: kwamfutoci shida a jere, injin fotokopi ɗaya, sai teburin gyara a lungu inda nake kwance laftof. Ɗalibai masu cike takardun konkur (jarrabawar neman gurbin makaranta ko aikin gwamnati), 'yan kasuwa masu aika saƙo Duwala ko Dubai, direbobin manyan motocin da ke bin hanyar Ngaundare zuwa Kuseri da Njamena, duk suna zama a kan waɗannan kujeru. Daga bakinsu na tattara tambayoyin da ke ƙasa. Wasu a fili ake yi mini su, wasu kuma sai an ja ni gefe an rage murya.

Yawancin kwamfutocinmu a nan Faransanci suke ji, don haka zan kira sunayen wurare yadda za ka gan su a allo. Maɓallin Maj shi ne mai kibiya tana kallon sama, Suppr kuma na gogewa. In na'urarka ta shigo ta Mubi ko Yola ne, Shift da Delete za ka gani a wurinsu.

Malam, yaya zan yi kada a ga abin da na duba a intanet?

Nakan mayar wa mai tambaya da tawa tambayar: wa kake gudun ya gani? Ba ƙeta ba ce, amsar ce ta rataya a nan. Masu iya ganin sawunka kashi huɗu ne. Akwai wanda zai zauna a kujerar bayan ka tashi: ƙaninka, maiɗakinka, ko baƙon da ya biyo ka a siber, wato shagon intanet irin nawa. Akwai mai rezon da ka hau (rezo shi ne layin intanet), wato mai siber, ofishinku, ko kamfanin waya. Akwai shafin da ka ziyarta tare da kamfanonin tallan da ke laɓe a cikinsa. Sai kuma hukuma. Maganin da ke yi wa na farko aiki ba ya taɓa na biyu, wanda ke rufe wa na biyu ido kuma ba ruwansa da na uku.

Mutane sun fi tsoron wani gwani da ke zaune a wata ƙasa mai nisa yana leƙen su. Ni dai a shekarun da na yi a wannan sana'a, duk asirin da na ga ya tonu a gabana ta hannun na farkon ya tonu: an tashi an bar akwatin saƙo a buɗe, ko an sauke takarda an manta da ita. Shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a kansa.

To me kwamfutar take riƙewa bayan na tashi?

Burauza, wato Chrome, Firefox ko Edge, kamar yaron shago ne mai littafi a hannu, duk inda ka taka sai ya rubuta. Danna Ctrl da H tare, za ka ga Historique: jerin shafukan da aka buɗe, da rana da minti. Danna Ctrl da J, za ka ga abin da aka sauke. Bayan waɗannan akwai kukis, ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urarka don ya gane ka in ka dawo. Su ne dalilin da ya sa Facebook ba ya sake tambayarka kalmar sirri kowace safiya. Akwai kwafin hotuna da guntayen shafuka da burauza ke tarawa don buɗewa ta yi sauri. Akwai abin da ka taɓa rubutawa a gurabe, kamar suna da lambar waya. Akwai kuma kalmomin sirrin da ka yarda ya adana.

Wanda ya fi saurin kunyata mutum shi ne layin adireshi na sama. Na taɓa ganin wani saurayi ya zo nuna wa kawunsa wani fili a taswira. Harafi ɗaya ya buga, sai layin ya cika masa sauran da kansa, da tambayar da ya yi wa Google daren jiya a kan wani ciwo. Kawun ya kawar da kai kamar bai gani ba. Ya gani.

An ce in na buɗe tagar sirri shi ke nan, babu mai gani. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai haɗarin.

Tagar sirri ita ce Navigation privée. A Chrome ana kiranta Incognito, a Edge InPrivate, kuma duka biyun da Ctrl, Maj da N ake buɗe su. A Firefox kuwa Ctrl, Maj da P ne. Ba sabon abu ba ne: Safari ya fara kawo ta a 2005, Chrome ya fito da ita a 2008, Firefox ya biyo baya a 2009. Aikinta ɗaya ne. Muddin kana cikinta, yaron shagon nan ya ajiye alƙalami. In ka rufe, babu tarihi, kukis ɗin da aka tara sun tafi, abin da ka rubuta a gurabe bai zauna ba. Wanda ya biyo ka kujera ba zai sami komai a Historique ba.

Amma ka lura da abu uku. Fayil ɗin da ka sauke yana nan daram a jakar Téléchargements. Shafin da ka sa a cikin Favoris shi ma yana nan. Sannan gogewar ba ta faruwa sai ka rufe dukkan tagogin sirrin. In ka buɗe biyu ka rufe ɗaya, ɗayar tana riƙe da komai.

A waje kuma, tagar sirri ba ta canza komai. Mai rezo yana ganin inda ka nufa kamar kullum. Shafin yana ganin adireshin IP ɗinka, wato lambar da na'urarka ke ɗauke da ita a intanet. In kuma ka shiga Gmail ko Facebook ɗinka a cikin tagar, ai ka faɗi sunanka da bakinka. Kamar mutum ne ya ja rawani ya rufe fuska, ya isa ƙofa ya yi sallama ya ce ni ne wane.

Ba mu kaɗai muka yi wa abin gurguwar fahimta ba. A 2020 wasu mutane a Amurka sun kai Google ƙara, suna cewa kamfanin ya ci gaba da tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito, suka nemi diyyar dala biliyan 5. An sasanta a ƙarshen 2023, kuma a 2024 Google ya amince ya goge biliyoyin bayanan da ya tara ta haka, ya kuma gyara rubutun da ke fitowa a baƙar tagar don ya fito fili ya ce shafuka, har da nasa, suna iya ci gaba da tattara bayani. Rubutun yana nan duk lokacin da ka buɗe. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya karanta ba.

Na riga na yi yawona a taga ta kullum. Yaya zan goge?

Danna Ctrl, Maj da Suppr tare. Wannan yana aiki a Chrome, Firefox da Edge. Akwati zai fito. Abu na farko da za ka duba shi ne tsawon lokacin da aka zaɓa, domin sau da yawa a kan ɗan gajeren lokaci yake tsaye, mutum ya goge na awa ɗaya ya tafi yana murna. In kwamfutarka ce kuma so kake ka share gida, zaɓi tun daga farko. Sa alama a kan tarihi, kukis da kwafin hotuna. Ka sani goge kukis zai fitar da kai daga asusunka a shafuka da yawa, don haka ka tabbata kana tuna kalmomin sirrinka.

In shafi ɗaya ne kawai ya dame ka, kada ka share duka. Shiga Historique ka cire shi shi kaɗai. Tarihin da aka wanke tas a kwamfutar gida yana jawo tambaya fiye da wanda aka bari.

Saura abin da mutane ke mantawa. In kana cikin asusun Google lokacin da ka yi bincike, Google yana da nasa littafin, ba a kwamfutarka yake ba. Buɗe myactivity.google.com za ka ga abin da ka tambaya da bidiyon da ka kalla a YouTube, wani lokaci na shekaru. A can za ka goge, kuma kana iya saita shi ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3, 18 ko 36, ko ka dakatar da ajiyar gaba ɗaya.

Ni ba ni da kwamfuta, siber nake zuwa. Me zan kiyaye?

Bari in fara da abin da ya faru a shagona, don laifin har da nawa. Wata rana cikin zafin watan Afrilu, wata Hajiya mai sayar da atamfa tana cikin akwatin saƙonta aka ɗauke wuta. Ta jira kaɗan, zufa ta ishe ta, ta biya ta tafi. Bayan awa ɗaya wuta ta dawo, wani yaro ya zauna a wurin, ya buɗe Chrome. Burauza ya tambaye shi ko yana so a maido da shafukan da aka rufe ba shiri, ya danna Restaurer. Sai ga saƙonnin Hajiya a gabansa, da farashin da take sarin kaya, da hoton katin shaidarta. Allah ya sa ina tsaye a bayansa. Tun daga ranar, in wuta ta dawo ni nake fara zagaya kwamfutocin kafin kowa ya zauna. Da a tagar sirri take, da ɗauke wutar ya tafi da komai.

Don haka da zarar ka zauna, buɗe tagar sirri kafin ka buga ko harafi ɗaya. In burauza ya tambaye ka ko ya adana kalmar sirri, amsa ita ce a'a, ko Jamais. Kada ka sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a bar ka a shige. In Chrome ya nemi ka kunna Synchronisation, ƙi. Wannan shi ne mafi muni, domin zai kwaso tarihinka da kalmomin sirrinka na waya ya zube su a kwamfutar da ba taka ba.

In ka gama, rufe taga daban, fita daga asusu daban. Nemi Déconnexion ka danna, ka ga shafin ya koma yana tambayar suna, sannan ka rufe. Leƙa Téléchargements da Bureau, wato fuskar allo, ka goge takardunka, ka zubar da Corbeille, kwandon sharar kwamfuta. Masu konkur su ne zakaru a nan: takardar haihuwa, hoton katin shaida, sakamakon jarrabawa, duk a zube a Bureau kamar shanya. In ka ba ni takarda na yi maka sikan, ce mini in goge a gabanka. Ba zan ji haushi ba.

Harkar banki da tura kuɗi kuwa, kada ka yi ta a siber, har da nawa. Yi a wayarka.

Na manta ban fita ba, ga shi har na kai Kuseri. Ya zan yi?

Kwantar da hankalinka, ana iya rufe ƙofar daga nesa. A wayarka, shiga asusun Google, ɓangaren Sécurité, wurin da aka jera na'urorin da asusun yake buɗe a kansu, ka zaɓi kwamfutar ka fitar da ita. Facebook ma yana da irin wannan jeri a ƙarƙashin kalmar sirri da tsaro. WhatsApp Web, wato WhatsApp ɗinka da ka buɗe a kwamfuta, ya fi su muhimmanci, don wanda ya same shi a buɗe yana karanta hirarka tana shigowa: buɗe WhatsApp a waya, shiga Appareils connectés, ka cire duk abin da ba ka gane ba. Bayan haka canza kalmar sirri, ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda ko an san kalmar, sai da lambar da ke zuwa wayarka za a shiga.

Tsakani da Allah, kai mai siber kana ganin abin da muke yi?

In na so, ina iya ganin wani abu. Manhajar da ake ƙirga lokaci da ita a siber, wasu irinta suna ba mai shago damar leƙa allon kowace kwamfuta daga teburinsa. Na'urar da ke raba rezo kuma tana iya nuna sunayen shafukan da aka nufa. Tagar sirri ba ta hana ko ɗaya daga cikin biyun.

Mafi sharri shi ne abin da ke naɗe duk maɓallin da aka danna. Akwai na manhaja, wanda ido ba ya gani, akwai kuma ɗan ƙaramin ƙarfe mai kama da kile, wato filash, da ake maƙalawa tsakanin igiyar allon rubutu da jikin kwamfuta. Wannan kam in ka leƙa baya za ka gan shi. Na manhajar kuwa sau da yawa mai shagon ma bai san yana ciki ba, wani ne ya zo da kile mai cuta. In akwai irin wannan a kwamfuta, duk wata dabarar da za ka yi a burauza rufe ƙofa da ɓarawo ne. Abin da ke cetonka shi ne mataki biyun nan da na ambata.

Sai ɗan'uwansu da ba ya buƙatar ilimi: na kusa da kai mai miƙa wuya. Zaɓi kujerar da bayanka ke bango.

Kamfanin waya fa? MTN, Orange, Camtel, ko Airtel da Moov a Chadi, suna karanta abin da nake rubutawa?

Yawancin shafuka yanzu da https suke farawa, ma'ana abin da ke tsakaninka da shafin a kulle yake. Ɗauke shi kamar wasiƙa a ambulan: ɗan aike yana ganin gidan da za a kai ta, da lokacin da aka ba shi, da nauyinta, amma bai san abin da aka rubuta ba. Kamfani yana iya sanin ka shiga wani shafin lafiya ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka yi rabin awa, amma bai san wane ciwo ka karanta ba. In kuwa ka ga Non sécurisé a layin adireshi, ambulan a buɗe yake, kada ka rubuta kalmar sirri a nan. Chrome ya fara wannan gargaɗi ga dukkan irin waɗannan shafuka a 2018. Ɗan kwaɗon da muka saba gani a gefen adireshi kuma ya cire shi a 2023, saboda mutane sun ɗauka alama ce ta shafi mai gaskiya, alhali ɗan damfara ma yana iya kulle ambulansa.

Kada ka manta layinka da katin shaidarka aka yi masa rajista. A Kamaru, doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, wadda ta shafi tsaron intanet da laifukan da ake yi a cikinsa, ta wajabta wa kamfanoni su adana bayanan haɗuwa na shekara 10, kuma masu bincike na iya neman su ta hanyar shari'a. A Disamba 2024 an kafa wata dokar ta kare bayanan mutane. Chadi ta riga mu, tata tun 2015 take, kuma hukumar ANSICE ce ke kula da ita.

To in na sa VPN na tsira ke nan?

Abokanmu na Njamena sun fi mu sanin VPN, don sun sha shi dole: daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16, an toshe WhatsApp, Facebook da Twitter a Chadi, sai ta VPN ake shiga, data kuma tana ƙonewa. Amma wani direba ya taɓa ce mini da VPN ko an kashe intanet zai shiga. Ina! Lokacin da aka yanke intanet ɗungurungum a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru a farkon 2017, kimanin wata uku, VPN bai yi wa kowa rana ba. In babu hanya, babu abin da mota za ta yi.

Abin da VPN ke yi shi ne ya haƙa rami daga kwamfutarka zuwa wata kwamfuta a wata ƙasa, duk zirga-zirgarka ta bi ta ciki. Mai siber da kamfanin waya sai dai su ga ka shiga rami. Shafin da ka je kuma adireshin mai ramin zai gani, ba naka ba. Sai dai abin da ka ɓoye wa kamfanin waya, yanzu mai VPN ne ke ganin sa. Ka sauya wanda ka ba amana ne kawai.

A nan nake jin tsoron na kyauta. Injinan nan kuɗi ake kashe musu, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Onavo misali ne: VPN na kyauta mallakar Facebook, wanda aka gano kamfanin na amfani da shi yana nazarin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka rufe shi a 2019. In dole sai na kyauta, nemi na kamfanin da aka san inda yake kuma yake da masu biya, irin Proton VPN na Siwizalan. Kuma VPN ba ya goge Historique. Ƙaninka zai ga komai yadda yake.

Tor fa?

Burauza ne na musamman, kyauta, wanda ke bi da kai ta tashoshi uku kafin ka isa, yadda ta farko ta san ka amma ba ta san inda za ka ba, ta ƙarshe kuma ta san inda aka nufa amma ba ta san wane ne ba. 'Yan jarida da masu aikin da ke da haɗari su ne ya fi yi wa amfani. Yana da nauyi, a rezon namu sai haƙuri, kuma kamfanin waya yana iya gane cewa Tor kake amfani da shi. Ga mai gudun idon ƙaninsa, ya yi yawa.

Na duba farashin babur sau ɗaya, yanzu duk inda na shiga tallan babur nake gani. Wa ya faɗa musu?

Kai ka faɗa, ba ka sani ba. Shafi ɗaya yana iya ɗauke da 'yan leƙen kamfanonin talla da dama, kowanne ya ajiye nasa kukis a na'urarka. In ka je wani shafin da suke ciki, sai su gane ka. Firefox yana toshe irin waɗannan da kansa tun 2019, wani burauza mai suna Brave ma haka, a Chrome kuwa sai ka shiga saiti ka hana kukis na ɓangare na uku, wato cookies tiers. Ƙarin manhajar uBlock Origin a kan Firefox tana rage talla sosai, har data ma takan yi saura. DuckDuckGo kuma injin bincike ne da ba ya haɗa tambayoyinka da sunanka.

Ba a rabuwa da su gaba ɗaya. Ko babu kukis, suna haɗa girman allonka, harshen na'urarka, agogon yankinka da irin haruffan da ke ciki, su fitar da kamanninka. Ragewa ake yi.

Laftof ɗaya muke amfani da shi a gida, ni da matata da yara. Yaya za mu yi?

Kowa a buɗe masa asusunsa na Windows da kalmar sirrinsa, a Paramètres, ɓangaren Comptes. Minti biyar ne aikin, kuma daga nan tarihin kowa da takardunsa suna ɗakinsa. Bambanta mutane a cikin Chrome kawai bai isa ba, don babu kwaɗo a tsakani, danna ɗaya ake a tsallaka. Asusun yara kada ya zama na mai iko, don kada su riƙa girka abin da suka ga dama. In za ka tashi ko alwala ce, danna maɓallin Windows da L, allo ya kulle. In baƙo ya ari na'urar, buɗe masa Invité a Chrome.

Kwamfutar ofis fa?

Ta masu ofis ce, rezon ma nasu ne. In ka ga Chrome ya rubuta Géré par votre organisation, to akwai mai iko da shi sama da kai. Neman wani aikin, ko hirar da ba ka so shugabanka ya gani, kai ta wayarka da datarka.

Zan kawo laftof gyara, ko in sayar. Me zan fara yi?

Wannan tambaya ba a cika yi mini ita ba, ni na sa ta, don ita ce ta fi cancanta. Duk wanda ka ba laftof a buɗe, ka ba shi Gmail, Facebook da duk kalmomin sirrin da burauza ya adana. In allo ne ya fashe ko madannai suka mutu, mai gyara ba ya buƙatar kalmar sirrinka. Buɗe masa wani asusu na wucin gadi. In na'urar ba ta tashi sam, fitar da ita daga asusunka ta waya, kamar yadda na faɗa wa mai Kuseri.

Sayarwa kuwa, gogewa da zubar da Corbeille ba su isa ba. Musamman a tsohon faifai mai juyawa, fayil ɗin yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma akwai manhajoji na kyauta irin Recuva da ke tono shi. Shiga Réinitialiser ce PC, ka zaɓi cire komai, ka kuma kunna zaɓin tsabtace faifai. Yakan ɗauki sa'o'i, sai ka jona da caji. Laftof ɗin hannu da ake kawo mana daga waje, ba sau ɗaya ba na kunna na tarar da hotunan bikin wasu Turawa da ban san su ba.

Wanda ba shi da abin kunya, me zai ɓoye?

Wani dattijo ne ya yi mini wannan, na ce masa: Baba, gidanka akwai zaure, akwai labule, ba don ana aikata laifi a ciki ba. Matar da ke neman bayani a kan rashin haihuwa, ɗan kasuwan da ba ya so maƙwabcin rumfarsa ya san inda yake sari, saurayin da ke binciken ciwon da yake jin nauyin faɗa, babu mai laifi a cikinsu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai kuma masu zuwa ta ɗaya gefen, su ce in sa musu abin da za su riƙa ganin duk abin da matarsu ko abokin cinikinsu ke yi. Ba na yi. Shiga asusun wani ba da izininsa ba laifi ne a dokar 2010 ɗin nan, kuma malamanmu sun sha karanta mana hanin bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat. Yaro ƙarami daban: uba yana da haƙƙin sa ido, Windows ma yana da tsarin iyali na wannan aiki, amma a gaya wa yaron an sa.

Tawa Windows 7 ce, tana aiki lafiya. Dole sai na canza?

Microsoft ya daina yi wa Windows 7 facin tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya daina sabunta kansa a kanta a farkon 2023. Windows 10 kuma wa'adinta na kullum ya cika 14 ga Oktoba 2025. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan, a buɗe take zama. Haɗa da manhajojin da aka fasa, waɗanda muke kwafa daga kile zuwa kile, ta nan mafi yawan masu naɗe maɓalli ke shigowa. In na'urar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Linux Mint, wanda ake girkawa a madadin Windows, kyauta ne, yana tafiya a kan tsofaffin laftof da yawa, yana jin Faransanci, kuma da Firefox a cikinsa yake zuwa. Kwafe takardunka a kile kafin ka kawo ta, don girkawar tana share faifan.